FILIN UWARGIDA: Ba Kowane Farin Gari Ne Kanwa Ba

 Da niyyata a wannan fitowa mu ci gaba da zancen gyaran ɗaki da muka faro, to sai ga wata wasiƙa daga Hunkuyi wadda tun da na karanta ta na kasa sa ta a layi. Maganar jariri ce, ita kuwa ba ta jiran wata mai zuwa. Na riga na aika wa mai ita gajeriyar amsa ta hannun wanda ya kawo, amma na ga ya kamata kowa ta ji. Ta roƙe ni in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Ga abin da ta ce:

"Anti, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Shekarata biyu da aure, Allah ya ba ni haihuwar fari, namiji, yau kwanansa hamsin da biyu, ban daɗe da dawowa daga wanka a gidanmu ba. Maigidana manomi ne, yana noman tumatir da rake a fadama. Bara ya sayo wani farin gari a Zariya da aka ce masa ana jiƙa ɗan kaɗan a yi wa tumatir feshi, a jikin ledar an rubuta Borax. Ragowar tana ɗakin Inna, wato mahaifiyarsa. To ƙanwarsa ta gani a waya wai garin nan maganin ciwon gaɓoɓi ne, sai Inna ta fara zuba ɗan kaɗan a ruwa tana sha saboda gwiwarta, ta ce ai kanwar Turawa ce. Yanzu kuma yaron wani farin abu ya fito masa a harshe da cikin kumatu kamar guntun kindirmo, ya kama nono ya saki ya yi ta kuka. Inna ta ce za ta kwaɓa garin da zuma ta riƙa goga masa safe da yamma. Anti ni dai gabana faɗuwa yake yi, amma kin san ɗan fari ne, ko kallonsa ba na yi a gabanta balle in ce kar a yi masa kaza. Shi kuma maigidan ba ya musu da ita. Don girman Allah ki gaya mini gaskiya, garin nan kanwa ne ko ba kanwa ba ne? In da cutarwa, ta yaya zan hana ba tare da an ce na yi fitsara ba?"

To ƙanwata, bari in fara da wanda ya fi gaggawa. Ba kanwa ba ne, kuma kada a sa wa yaron nan shi a baki, ko da kan tsinke ne, ko da sau ɗaya ne. Faɗuwar gaban nan da kike ji ba waswasi ba ce, tana kan hanya. Sauran bayanin kuma ki gyara zama, don ina so in kin tashi yi wa maigida magana ki yi ta da hujja a hannu, ba da hawaye kaɗai ba.

Inna ba ta yi ƙarya da gangan ba, don kuwa kamar tana da yawa. Shi wannan borakis ɗin, kamar kanwa, a busassun tafkuna ake samunsa, inda ruwa ya ƙafe ya bar farin gishiri a ƙasa. Yadda muka san fatake na ɗauko ungurnu daga yankin Tafkin Chadi, haka tun zamanin da ake ɗauko shi daga tafkunan Tibet a kai wa maƙeran zinariya na ƙasashen Larabawa da Turai. A Amurka ma, daga 1883 zuwa 1889, daga wani kwari mai azabar zafi da suke kira Kwarin Mutuwa a jihar Kalifoniya ake jawo shi a manyan kekuna, alfadarai goma sha takwas da dawaki biyu a gaba, tafiyar mil 165 kafin a kai tashar jirgin ƙasa. Da na karanta wannan sai na tuna ayarin raƙuman Bilma, na ce ashe kowa da irin azalai ɗinsa. Yanzu dai Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa arzikinsa, sai Amurka. Fari ne, kanwa ma akwai fara, in an daka su an ajiye miki a faranti biyu ba lallai ki bambance ba. Amma kama da wane ba ta wane. A cikin borakis akwai wani sinadari da ake kira boron, shi ne ke yin aikin, shi ne kuma ke yin ɓarnar.

Kada kuma ki ɗauka abin banza ne. Wallahi akwai shi a ɗakinki yanzu haka ba ki sani ba. Fentin nan mai sheƙi na jikin langa da fanteka da iyayenmu suka yi mana jere da su, da shi ake haɗa shi. Gilashin da ke jure zafi, wanda ake sawa a wuta bai fashe ba, da shi ake yi. Maƙeran farfaru masu yi mana zobe da warwaro da 'yan kunne, in za su liƙe zinariya ko azurfa, shi suke barbaɗawa don ya share dattin ƙarfen liƙin ya kama. Ana sa shi a wasu garin sabulun wanki, ana jiƙa katako da shi don gara ta bar shi, ana kashe kyankyaso da tururuwa da shi. Shi ma maigidanki ba a cuce shi ba, tumatir na bukatar boron ɗan mitsitsi kafin fure ya zauna ya ba da 'ya'ya. Amma duk lissafin nan da na yi miki, kin ji inda na ce ciki? Kwano ne, da gilashi, da ƙarfe, da gona.

Ba wai ba a taɓa sa shi a ciki ba. An sa, an sha wuya, aka bari. Shekaru ɗari da wani abu da suka wuce, kamfanonin Turai da Amurka da shi suke hana nama da man shanu lalacewa. A 1902 wani masani na gwamnatin Amurka, Dokta Harvey Wiley, ya tara samari goma sha biyu majiya ƙarfi da suka yarda a gwada a kansu, aka riƙa ba su shi tare da abinci ana aunawa. Samarin suka fara ciwon kai, da tashin zuciya, da ciwon ciki, abinci ya fita ransu. Wannan gwaji na cikin abin da ya jawo aka kafa dokar tsabtar abinci da magani a can a 1906. Yau a Amurka haramun ne a sa shi a abinci, haka a Indunusiya da Sin, inda har yanzu hukuma ke farautar masu zuba shi a taliya da curin nama don ya yi danƙo ya daɗe. Ki lura fa, ƙarti ne waɗannan, ba ɗan kwana hamsin ba.

Abin da ya sa na ce wasiƙarki ta tayar mini da hankali kuwa, shi ne wannan haɗin da Inna ta ambata, garin da zuma, ba ita ta fara shi ba. Tsohon magani ne na Turawa, a kantin magani ma ake sayar da shi a kwalba, don ciwon bakin jarirai da fitar haƙori, daidai abin da ake so a yi wa ɗanki. Iyaye mata su tsoma robar tsotso a ciki su sa wa yaro a baki, yaro ya ji zaƙi ya yi shiru, uwa ta ce magani ya yi. A 1983 wasu likitocin yara a ƙasar Ailan suka fitar da rahoton jarirai bakwai da aka kawo musu suna ta fizge-fizge kamar masu farfaɗiya. Da aka bi diddigi, duk su bakwai ɗin wannan haɗin ake ba su, makonni ana yi. Ba kwalba guda aka ɗura musu rana ɗaya ba, 'yar laɓa ce kullum, irin wadda kowace kaka za ta ce ai wannan ba komai.

Dalili shi ne, duk abin da ya shiga ciki daga garin nan kusan gaba ɗaya jini ke kwashewa, kuma ƙoda ce kaɗai ke fitar da shi ta fitsari. A jikin babba mai lafiya ma sai ya kusa kwana guda kafin rabinsa ya fita. To ina ga ƙodar jariri da ba ta gama ƙwari ba? Na safe bai fita ba an ƙara na yamma, na yau ya tarar da na jiya, haka yake taruwa. Littattafan likitanci kan ambaci giram 2 zuwa 3 na ɗan'uwansa, wato asid ɗin boron, a matsayin abin da zai iya halaka jariri, wanda bai ma cika cokalin shayi ba. Alamominsa kuwa su ne amai da gudawa, wani lokaci kashin ya yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, fata ta yi jajir kamar an zuba ruwan zafi daga baya ta riƙa saluɓewa, gashi ya zube, yaro ya yi ta ƙyuya ko ya yi laushi, sai fizga. Mu kuma kin san mu, da mun ga yaro na fizga sai mu ce iska ce ko tsuntsu, a shiga hayaƙi da rubutu, alhali ledar da ta jawo abin tana nan rataye a ƙusa, gobe ma a sake kwaɓawa.

Ita ma zumar, duk da albarkarta da ba mai musu, likitoci sun ce a dakata wa yaro da ita sai ya cika shekara guda, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a ciki wadda hanjin babba ke iya wa amma na jariri ba ya iyawa, takan saki jikin yaro har numfashi ya gagara. Abin da ke bakin ɗanki kuma, yadda kika kwatanta, ya yi kama da ƙwayar nan ta fumfuna da ke yawan kama bakin jarirai. In ma'aikaciyar asibiti ta duba ta tabbatar, akwai maganin ɗigawa da ake kira nistatin, ba shi da tsada, cikin 'yan kwanaki za ki ga baki ya washe. Ki ce a duba kan nononki ke ma, don in ya kama ki za ku yi ta miƙa wa juna.

Sai gwiwar Inna. Bidiyon da ƙanwar mijinki ta gani, irinsa ne ya cika TikTok a 2023, mutane a Amurka suna zuba garin wanki a ruwa suna sha a gaban kyamara wai maganin gaɓoɓi, har likitocin can suka fito suna roƙon jama'a su bari. Gaskiya ne akwai boron kaɗan a abincinmu, a gyaɗa da wake da dabino da ganyaye, wannan kuwa ya ishe mu. Amma tsohuwa da ƙila ƙodarta ta fara gajiya, ko tana da hawan jini ko ciwon suga ba a sani ba, ta riƙa shan garin feshin tumatir kullum, wannan neman magani ne da zai haifi wata cutar. A 2010 Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin sinadarai masu matuƙar abin damuwa, saboda gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna yana lalata ƙwayar haihuwar namiji yana kuma tauye ɗan tayi. Don in yi adalci, da aka bincika ma'aikatan da ke haƙar sa a Turkiyya da Sin ba a ga haihuwarsu ta ragu ba. To amma su ƙurarsa suke shaƙa a wurin aiki, ba jiƙawa suke yi suna sha da safe ba.

Tunda nan filinmu ne mu mata, bari in faɗi wata a gurguje. Na san akwai masu haɗa kayan mata da ke cusa kowane irin farin gari a cikin haɗin matsi da na sanyi, su ce sirri ne. Gaskiya ne likitocin mata kan rubuta asid ɗin boron a cikin ƙwanso, awo ƙayyadadde, ga matar da ƙaiƙayin gaba ya ƙi jin sauran magunguna. Wannan likita ke bayarwa, ba a ba mai ciki, ba a haɗiya, kuma ba shi ne garin leda ba. Fata lafiyayya ba ta cika shan sa ba, amma inda ke da rauni ko ƙuraje ko ɗinki, nan take yake wucewa cikin jini. Mai jego da ba ta gama warkewa ba ta kiyaye, kada kuma a barbaɗa wa jariri a cibiya ko a inda kunzugu ya ci masa.

Na san abin da Inna za ta ce in an je mata da zancen: ai mu da kanwa muka tashi, da ita muka yi jegon 'ya'ya goma. Haka ne, kanwa uwar gami, ba mai raba mu da ita, ko a miyar kuka ko a wake ko a kunu. To amma ko ita sai da aka taɓa zama a kanta, kuma a nan maƙwabtanku. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, masu zuwa da kumburi da haki. Suka ɗora zargi a kan yawan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gasasshen gado har kwana arba'in. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, ya nuna abin ya fi ƙarfin kunu da wanka, akwai rama da talauci da hawan jinin masu ciki a ciki. Duk da haka ba likitan da zai ce wa mai kumburi ko mai hawan jini ta ƙara kanwa, don gishiri ce. To in wadda muka gada kaka da kakanni ma sai da awo, ina ga baƙon da bara ya shigo gidan a cikin leda?

Yanzu ga mai wuyar, wato yadda za ki hana. Ni ba zan ce ki ajiye kunya ba. Alkunyar ɗan fari ado ce, kuma ita ce ta sa Inna ke ganin mutuncinki. Amma ita kunyar an yi ta ne don a nuna yaro na dangi ne, ba don a zuba ido a rasa shi ba. Kada ki tari Inna da kanki, kada kuma ki ɗauke ledar a ɓoye, in ta neme ta ba ta gani ba kin ɗaura wata rigimar da za ta fi shekara.

Ta wajen maigida za ki bi, kuma ki zaɓi lokaci. Ba yana shigowa daga fadama da taɓo a ƙafa ba. Ki bari ya yi wanka ya ci tuwo, dare ya yi, daga ke sai shi. Kada ki fara da "Inna ta ce", don da ya ji haka zai ɗaure fuska ya tsaya bayan uwarsa, kuma yana da gaskiya. Ki fara da gonarsa. Ki ce, "Maigida, wai garin nan da kake yi wa tumatir feshi, in ya yi yawa me ke faruwa?" Shi da kansa zai gaya miki ganye ke ƙonewa ta baki-baki ya bushe, don kowane manomi da ya taɓa wuce awo ya gani. Sai ki ce, "To shi ne fa ake so a sa wa yaron nan a baki, ni kuma tsoro nake ji." Ki yi shiru daga nan. Ki bar shi da ganyen tumatir ɗinsa a rai. Ledar tasa ce, shi ya sayo, in ya ce zai mayar da ita rumfar gona ba wanda zai ce an raina shi.

Ita kuwa Inna, ki ba ta girmanta cikakke. Ku roƙe ta ita za ta kai jikanta asibitin nan na garinku, ita za ta rungume shi a gaban ma'aikaciya, ke kina baya da mayafinki. In aka ba da maganin ɗigawa, a damƙa a hannunta, ita ce mai ɗiga masa. Abin da take so dai a ce ita ta yi wa angonta magani, to ga shi ta yi. In kina da goggo ko wata dattijuwa da suke shiri, ko ungozomar unguwa, ki raɗa mata ta je a matsayin mai barka ta sako zancen. Kuma tunda an je, maigida ya ce a duba gwiwar Inna a auna jininta, a kuma gaya wa likita ta yi kwana nawa tana shan garin. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ƙanwata.

In kuwa kafin takardata ta iso an riga an fara goga masa, to a daina yanzu, a kai shi a duba ko da kin ga lafiyarsa lau, ku tafi da ledar a nuna. In kin ga amai, ko jan fata, ko fizga, ko fitsari ya ragu, kada a jira gari ya waye, a nemi mota a wuce asibitin koyarwa na Shika. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro wai ya amayar, shaƙewa zai yi.

Sauran 'yan'uwa masu karatu, kowa ta leƙa kicin ɗinta yau. In akwai garin nan a gidanki, na wanki ne ko na kyankyaso ko na gona, ki bar shi a ledarsa mai rubutu, kada a juye a gwangwanin madara ko a kusa da kanwa da gishiri, don ranar da ba kya nan 'yar aiki ko 'yarki ba za ta tsaya tambaya ba. Masu kwaɓa shi da suga don tururuwa kuma, in akwai mai rarrafe a gidan ku haƙura da wannan dabarar, duk abin da tururuwa ta ji zaƙinsa shi ma zai ji.

Ƙanwata ta Hunkuyi, ina jiran wasiƙarki ta biyu, ki gaya mini yadda bakin yaron ya yi da yadda kuka ƙare da Inna. Ki gaishe ta da jiki. Zancen gyaran ɗaki kuma sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.